Ranar da Sa'a Ta Tafi Filin Jirgi

A unguwar Sanyuanli, can ƙasar waje inda 'yan kasuwarmu ke zama, akwai wata yarinya mai wayo, amma wajen mantuwa sai dai a ce Allah ya shirya. Duk Asabar tana zuwa ajin Malama Ramlatu, mai koya wa 'ya'yan 'yan kasuwa Turanci.

Wata rana Malama ta rubuta *luckily* a allo.

"Ana faɗin wannan kalma idan abu ya kusa ɓaci, sai aka yi sa'a," in ji Malama. "Kamar a ce ruwa ya sauko, cikin sa'a ina da laima."

Shi ke nan, kalma ta zauna a bakin yarinya. In ta manta katin jirgin ƙasa, sai ta gan shi a jaka, ta ce, "*Luckily*." In ta yar da laima a ɗaki, nan ma sai ta tsince ta a jaka.

"Ki riƙa shirya jakarki da kanki," in ji Umma.

"Umma, ni fa mai sa'a ce."

Ana nan, Malama ta ce kowa ya yi zane, za a manna a bango iyaye su zo su gani. Yarinya ta zana gadar kogi, ta sha wahala a kai. Ranar kai zanen, Umma ta yi sammakon zuwa filin jirgin Baiyun tarbar Goggo Saude.

Yarinya na fitowa daga shagon Abba za ta aji, sai ruwa ya ɓarke. Ta laluba jaka, babu laima. Zane ya jiƙe sharkaf, launuka suka cakuɗe. Ta koma shago tana kuka.

"Abba, sa'ata ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba," in ji Abba. "Ta tafi filin jirgi ne tarbar Goggonki. Wa kike tsammani yake saka miki laima a jaka kullum?"

Kunya ta kama yarinya.

Ranar nan zanenta kaɗai babu a bango, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Amma Malama ta ce ta kawo wani zanen mako mai zuwa. Sai yarinya ta zana Umma riƙe da laima, aka manna.

Tun daga nan ita ke shirya jakarta. Wata safiya ruwa ya tsare Umma a kasuwa. Ta buɗe jaka, sai ga laima, 'yarta ce ta saka mata. Umma ta yi dariya ta ce, "*Luckily*."

Yara, kada ku jingina da sa'a. Ku shirya kayanku, ku kuma gode wa masu kula da ku.