Kafaɗar Barewa

Gari na fara wayewa suka isa gadar katako, su uku. Gatari, shugabansu, yana riƙe da bindiga a cikin jakar wasanni. Kwalba ya ɓoye babur a bayan kurmin gora. Barewa kuwa gajeren wando ne a jikinsa da takalmin gudu, kamar kowane mai motsa jiki.

Barewa ne ya zaɓi wurin, domin shi ya san hanyar. Kilomita goma ce. Tana tashi daga filin wasa, ta ratsa gonar roba, ta hau tudu, ta gangaro rafi, sannan ta zagayo ta bayan makaranta. A kowace kilomita akwai dutse mai farin fenti. Gadar tana daidai dutse na bakwai, inda itatuwa suka rufe sama, waya ba ta samun sabis, mai gudu kuma ya riga ya jiƙe da zufa. Katako biyu ne kacal, ruwan jiya ya sa su santsi. Dole kowa ya rage gudu ya taka a hankali.

Shekara shida Barewa ya yi yana bin hanyar nan, lokacin da ake cewa zai yi wa ƙasa gudu. Sai gwiwarsa ta hagu ta samu rauni, aka daina kiransa. Mutum ɗaya ne bai daina ba, wato Koci, tsohon da ya horar da shi, ya saya masa takalminsa na farko, matarsa kuma take ajiye masa abinci kamar ɗan gida. Barewa ne ya daina ɗaukar waya, don kunya.

Yanzu Koci ke jagorantar ƙungiyar masu gudun safe, ma'aikatan banki da na asibiti, masu manyan wayoyi da agogo masu tsada. A ƙa'idarsu shi ke zuwa ƙarshe, ba ya wuce kowa, don kada a bar wani a daji. Ƙa'idar Gatari ita ma ɗaya ce: wanda ya gane ɗayansu ba ya komawa gida.

"Tsohon nan naka fa, in ya gano ka?" Gatari ya tambaya.

Barewa ya ce ba za su ma haɗu ba. Kullum Koci yana bayan wani mai kantin taya, wanda ya fi kowa nawa, sai sun ba sauran tazarar minti ashirin. Kwalba ya yi dariya, ya ce ya san mutumin, tumbinsa ne ke fara isa gada kafin shi.

Abin da ba su sani ba, a ranar mai kantin taya bai fito ba. Matarsa ta haihu.

Suka ja ƙyalle suka rufe fuska. Huɗu na farko suka gangaro suna haki.

"Ƙasa! Kowa ƙasa!"

Suka zube a cikin laka. Waya, agogo, zobe — Barewa yana karɓa yana zubawa a jaka. Sai wasu uku. Sai mata biyu, ɗayarsu nas ce, ta cire agogonta da kanta tana roƙon kada a taɓa kowa. Babu wanda ya yi gardama. Aiki ya tafi kamar yadda aka tsara, har aka ji takun mutum biyu a kan tudu.

Na baya Koci ne, da farin gashinsa da usur a wuya.

Barewa ya hango shi. Ya juya baya. Tsohon ya kwanta kamar yadda aka ce, ya miƙa wayarsa ga Gatari, yana rarrashin mutanensa da su yi shiru. Bai gane kowa ba. Gatari ya yi alama a tafi.

Da Barewa ya taka a hankali, da shi ke nan. Amma tsoro ya sa ya sheƙa da gudu zuwa babur. Taku goma, ashirin. Koci ya ɗaga kai daga laka, ya ga ɗan fashi yana gudu da kafaɗar hagu a ɗage har kusa da kunne. Shekara shida yana gyara wannan kafaɗa kowace safiya. Maganar ta fita kafin ya yi tunani.

"Sauke kafaɗa, yaro."

Barewa ya sauke.

Gatari ya ji maganar, ya kuma ga kafaɗar ta sauka. Barewa ya juyo a guje yana cewa oga ya tsaya, tsoho ne, ba zai faɗa wa kowa ba, shi zai tsaya masa. Harbi ɗaya — tsuntsaye suka watse daga kan itatuwa.

A filin wasa, matar da ke jiran masu gudun da ruwan sha ta duba agogo. Lokacin dawowar na gaba ya wuce da minti goma sha biyar, ba ta ga kowa ba. Ta kira 'yan sanda. Saje ya iso da mutum biyar a mota, ya tarar motar ba za ta shiga hanyar ba. Matar ta zana masa taswira a ƙasa da tsinke, ta nuna masa mafita uku. Ya raba su biyu-biyu, har da shi kansa.

A kurmin gora, Gatari ya fizge jakar ya haye bayan Kwalba. Barewa ya tsaya hannu sake. Gatari ya waiwayo ya ce masa:

"Ba ɗan gudu ba ne kai? To, gudu."

Babur ya tashi ya bar shi. Sai dai a mararrabar gaba Barewa ne kaɗai ya san cewa hanyar dama, mai faɗi da kyan gani, fadama take shiga in an yi ruwa. Kwalba ya bi dama. Taya ta nutse. Sun daɗe suna fama, suna cikin turawa 'yan sanda biyu suka ɓullo. Gatari ya ɗaga bindiga, aka riga shi. Kwalba ya durƙusa a cikin taɓo, tun ba a tambaye shi ba ya faɗi sunan Barewa da unguwarsu.

Barewa ya san wata siririyar hanya ta masu tsagar roba wadda ba ta cikin zanen matar. Da ya bi ta, da ya fita. Ya koma gada. Ya tarar nas ta danne ƙirjin Koci da rigarta, sauran sun tsaya cirko-cirko. Ya cire ƙyallen fuskarsa, ya ce a ɗora masa shi a baya. Aka ɗora masa.

Ya wuce dutse na takwas yana gudu. Kafin na tara gwiwa ta ƙi, ya koma ɗingishi. Nas tana biye da shi, hannunta a wuyan tsohon. Daga baya ta ce masa a hankali ya sauke shi, ya riga ya cika. Bai sauke ba sai da Saje ya tare shi a bayan makaranta.

Mutum biyu suka mutu a safiyar. Kwalba ya samu shekara ashirin, Barewa ɗaurin rai da rai. Ƙungiyar ba ta ƙara fita ba.

Sau ɗaya matar Koci ta ziyarce shi a kurkuku. Ta zauna tana kallonsa ta cikin ragar ƙarfen da ta raba su. Ya kasa ɗaga ido, ya ce, "Mama." Ta ce tambaya ɗaya ta kawo ta, kuma gaskiya take so.

"Ya san kai ne?"

"Ya sani."

Ta gyaɗa kai, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta miƙe.

"Duk kwanakin nan addu'a nake a ce bai sani ba."