Furen da Nilufar Ta Kawo

Ranar Lahadi teburin gidan Greco a garin Lecce ya cika, kowa na magana babu mai saurare. Nilufar kaɗai ta yi shiru a gefe. Watanta biyar da zuwa daga Samarkand koyon Italiyanci, a gidan take zaune, har yanzu sai an gama dariya take gane abin dariyar. Gaetano, ɗan gidan, shi kaɗai ke rage gudun magana dominta, kuma ya ce aurenta zai yi. Sai dai a gidan nan ba a aure sai kakarsa, Nonna Addolorata, ta ce to.

A ranar ne tsohuwar ta cika shekara tamanin. Nilufar ta miƙa mata tukunyar fure mai ruwan ɗorawa da hannu biyu, irin wanda ake kai wa iyaye a garinsu.

Ashe furen kirisantemo ne. Mu nan ko ƙaramin yaro ya san kirisantemo furen makabarta ne.

"Ikon Allah!" in ji Nonna. "Ai ban mutu ba tukuna, 'yar nan! Gaggawar me kike yi? Gaetano, wannan za ka ajiye mini a gida?"

"Nonna, wallahi ba ta sani ba ne—"

"Rufe mini baki!"

Washegari aka tura Gaetano gonar zaitun ta kawunsa. Nilufar ta tsinci tukunyar a bakin shara, ta kai ɗakinta. Kullum ta gaida Nonna, Nonna ta kau da kai. Kewa ta ishe ta, ta yi kuka har ta gaji. Da ta rasa abokin hira, furen take ba ruwa tana gwada masa sababbin kalmominta.

Ran biyu ga Nuwamba, ranar ziyarar kaburbura, aka tashi da ruwan sama. Jikoki duk suka ce aiki ya riƙe su. Nilufar ta tarar da Nonna zaune a bakin ƙofa da baƙar rigarta, gwiwa ta ƙi, ido ya yi ja.

"Nonna… ni kai ki. Fure ma yana nan," ta ce da guntun Italiyancinta.

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa. "To riƙe ni da kyau. In na faɗi, cewa za a yi da gangan ne."

Suka tafi a hankali, lema ɗaya, Nilufar hannu ɗaya fure, ɗaya tsohuwa. A kabarin mijinta Nonna ta cire furen robar da jikokinta suka ajiye tun bara, ta dube shi ta yi tsaki. Nilufar ta durƙusa a cikin taɓo ta kafa nata.

Nonna ta share ido, ta dafa dutsen kabarin.

"Oronzo, ga matar Gaetano na kawo maka. Bakinta bai iya yarenmu ba, amma ita kaɗai ta zo."

Haƙuri dai bai bar Nilufar ta ji kunya ba. Abin da baki ya kasa faɗa, hali ya faɗe shi.