Ƙofar da Injiniya Ya Huda a Katanga

Ana gab da magariba, gidan ya yi tsit, sai kibiyar da ke allon kwamfutar Injiniya ta motsa ba tare da ya taɓa komai ba. Ta bi allon a hankali, ta rufe aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufi.

Daga gida yake aiki. Yana shiga kwamfutocin kamfani daga ɗakinsa, allonsu ya bayyana a nasa, ya yi gyara. Da kamfanin ya kafa katangar tsaro ta intanet mai hana na waje shiga kwamfutocin, sai ya tuna da wata tsohuwar na'ura da aka manta a ɗakin ajiya na ƙarƙashin ginin. Ya kunna ta a ɓoye, ta zama 'yar aike: ita ke kiran kwamfutarsa daga ciki, ta sada shi da sauran.

Da ta ji jifan, matarsa ta ce a kira baffanta malami. Ya daka mata tsawa, ya ce ɓarawon intanet ne kawai, tsakuwa kuma 'ya'yan maƙwabta. Ya sauya kalmar sirri, bai faɗa wa kowa ba.

Yamma ta uku, Auta, 'yarsu mai shekara goma sha biyu, ta tsaya a bakin ƙofarsa, idanunta a kafe. Da wata murya mai kauri kamar ta tsoho, ta karanto masa sabuwar kalmar, harafi bayan harafi.

Baffa ya zo, ya zauna gabanta, ya daɗe yana karatu har ta fara karkarwa. Ya tambayi mai maganar ko wane ne.

“Shekara tara ina ɗakin ajiyar kamfaninsu ba wanda ya sauko,” in ji muryar. “Uban yarinyar nan ya kunna mini ƙarfe mai gurnani da zafi. Yana ratsawa ta kaina sau ɗari a yini, ko sallama babu. Hanyar da ya huda na biyo.”

Aljanin da ke magana ta bakinta ya nemi a bar masa yarinyar wata guda, uban ya ɗanɗana. Baffa ya ce ko minti ɗaya ba zai ƙara ba, ya ɗaga murya da karatu. Auta ta yi ƙara. Can muryar ta sauko, ta ce a kashe ƙarfen har abada, zai tafi.

Injiniya ya zabura, jijiyoyin wuyansa a miƙe, zai fizge wayar kwamfutarsa. Baffa ya cafke hannunsa.

“In ka yanke yanzu, ta ina zai koma? Zauna. Kai ka buɗe, kai za ka riƙe masa ƙofa.”

Haka ya zauna yana cizon leɓe, ya haɗa layin da hannunsa, ya buɗe wa wanda ya azabtar da 'yarsa hanya. Kibiyar ta ratsa allon ta ɓace. Auta ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Sai Injiniya ya aika umarni, tsohuwar na'urar ta mutu.

Washegari ya je ya faɗa wa manaja abin da ya yi wa katangar. Aka karɓe katin aikinsa, mai gadi ya raka shi waje.

Da ya dawo, ya tarar da Auta ta warware, tana shan ruwa. Ta tambaye shi me ya sa idonsa ya yi ja. Ya buɗe baki zai yi faɗa kamar kullum, amma ya rasa wanda zai yi wa. Ya durƙusa ya riƙe mata kofin.