Gurbin da Amarya Ta Bari

"Ɗaga, Baba. Kaɗan kawai... yawwa. Sake ɗaya."

Amarya na durƙushe a gefen gadon surukinta, hannu ɗaya a ƙarƙashin gwiwarsa, ɗaya riƙe da diddigensa. Tsohon ya cije leɓe, ƙafar hagun da ta daina jin maganarsa tun ranar da hawan jini ya kayar da shi ta ɗan motsa. Ya dube ta da karkataccen murmushinsa, ya furta wani abu da bai fita sosai ba.

"A'a, ba mugunta nake maka ba," ta ce tana dariya. "Saura hannu."

Ita kaɗai ce a gidan ke gane maganar Baba ba tare da ya maimaita ba, sai ko mijinta. Har yau Amarya ake ce mata, ko da yake kayan ɗakinta sun fara tsufa. Aikinta gashin ƙashi ne da motsa gaɓoɓi a asibiti, abin da abokan aikinta ke kira fisiyo. Kafin ta fita da safe sai ta yi wa Baba, in ta dawo da yamma ta sake, ta juya shi, ta kai shi bayan gida, ta dawo da shi.

Tana cikin miƙar da yatsunsa mijinta ya shigo da jakar kayan aiki a kafaɗa. Gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Dangi na ce masa Auta, ita kuma tana ce masa Injiniya, shi yana ce mata Likita. Ta miƙa masa wayarta, ta nuna masa saƙonni biyu. Ya karanta, ya sake karantawa.

"Likita, duka biyun suka ɗauke ki?"

"Duka biyun."

Jami'o'i biyu ta nema don yin digiri na biyu. Ta farko a cikin gari take, karatun ƙarshen mako, kuma a kan raunin 'yan wasa: targaɗe, gocewar ƙashi, tsagewar tsoka. Ta neme ta ne don kada ta tashi a tutar babu. Ta biyun tafiyar yini guda ce a mota, sai an tare a can shekara biyu, kuma mutum kaɗan suke ɗauka. A can ake koyar da yadda ake tayar da masu shanyewar jiki, irin su Baba. Tun tana ɗaliba take mafarkin wurin. Kowacce ta ce a ba ta amsa kafin ƙarshen wata.

Auta ya ja ta zuwa baranda inda Baba ba zai ji ba.

"Mai nisan za ki je," ya ce. "Tun muna zance nake jin sunan makarantar nan a bakinki, har kishi nake da ita."

"Baba fa?"

"Ki koya min. Wanda ke kwance injin firij ya mayar, ƙafa ɗaya ce za ta gagare shi? Su Yaya ma ai mahaifinsu ne. Ki bar min wannan, ni zan yi musu magana."

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa, rigarsa na warin man inji, ta ji a duniya babu wadda ta kai ta dacen miji.

Ranar hutu yayyensa mata biyu suka zo. Yaya Babba ce ta raini Auta bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau in ta yi magana ƙasa yake kallo. Ta tsakiyar kuwa duk abin da babbar ta ce, ita ma shi ne nata. Aka turo Baba falo a kekensa. Amarya ta kawo ruwa da lemo, ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa.

Auta ya fara bayani yana inda-inda. Bai kai rabi ba Yaya Babba ta ajiye kofinta.

"Tsaya, Auta. Wai tausar ce sai an je wata uwa duniya an koyo?"

"Yaya, ba tausa ba ce," Amarya ta ce a hankali. "Ilimi ne na jijiyoyi da—"

"Da ke nake magana?" Ko kallonta ba ta yi ba. "Ga makaranta a bakin ƙofa ta ba ta gurbi. Mastas ai mastas ne, takardar iri ɗaya ce. Amma sai wadda za ta raba ta da gidan miji shekara biyu take so. To wa zai duba Baba?"

"Cewa na yi ko za mu raba kwanaki," in ji Auta. "Ni na ɗauki safiya, ku kuma..."

"Mu da ke gidajen mazajenmu da yara? Ni da ciwon ƙafar nan nawa?" Ta tsakiyar ta gyaɗa kai, ta ce ita ma bayanta ba lafiya. Yaya Babba ta ci gaba. "Allah ya kawo mana mai ilimin abin har cikin gida, sai yanzu da ake bukatarta za ta sa ƙafa ta fice? Mutane su ce me? Su ce matar Auta ta bar surukinta a kwance ta tafi neman suna."

Nan Baba ya fara motsi a kekensa. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna Amarya, bakinsa na rawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Da ƙyar maganar ta fito, a dunƙule.

Amarya ta ji shi sarai. Cewa ya yi, "Ku bar ta ta tafi."

"Kun ji ko?" Yaya Babba ta dafe ƙirji. "Bawan Allah, cewa yake kada ta tafi. Yi shiru, Baba, ba inda za ta."

Tsohon ya girgiza kai, ya sake yunƙurawa, tari ya sarƙe shi. Amarya ta juya ta dubi mijinta. Kalma ɗaya take jira. Ta san ya ji, domin ta ga yadda fuskarsa ta canza. Ita ba ta da bakin da za ta ƙaryata babbar yayar mijinta a gaban mahaifinsu, shi yake da shi. Auta ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur a hannunsa, har aka tashi bai ɗago ba.

Bayan sun tafi ta same shi a ɗaki.

"Ka ji abin da Baba ya ce."

"Likita..."

"Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji," ya ce da ƙaramar murya. "Amma Yaya uwa ce a gare ni. Ba zan iya kunyata ta a cikin mutane ba. Ki duba, ta cikin garin ma ai ba laifi. Nan gaba in Baba ya samu sauƙi..."

"Da ka ce min tun farko kada na je, da na haƙura ban ji zafi haka ba," ta ce. Muryarta ba ta tashi ba, hawayen ne kawai ke zuba. "Kai ka ce na bar maka. Na bar maka, ka ajiye ni a tsakiyar falo."

Washegari a wurin aiki ta kira mahaifiyarta. Umma ta saurara har ƙarshe, ta yi ajiyar zuciya.

"Ban ce sun kyauta ba, 'yar nan. Amma in kika tafi a haka, kin tafi da bakin dangin miji a bayanki, kuma tsohon nan shi zai sha wahalar, ba su ba. Ki duba zaɓin da za ki iya kwana da shi a ranki."

Abin da ya tsaya mata ke nan. Ba tsoron Yaya Babba take ba. Ta san in ta tafi, ƙafar da ta sha wahala a kanta za ta sake sandarewa, bayan Baba ya yi gyambo saboda rashin mai juya shi. Ta rubuta wa jami'a mai nisa tana roƙon su ajiye mata gurbin zuwa baɗi. Suka amsa cikin ladabi cewa ba sa ajiyewa, akwai masu jira. A ɗakin canza kaya na asibiti, tsakanin mara lafiya da mara lafiya, ta danna amincewa da ta cikin gari. Ta wanke fuska ta koma bakin aiki.

Rayuwa ta koma mata asibiti, aji, ɗakin Baba. A aji ana maganar gwiwar 'yan ƙwallo, ita hankalinta na kan wani wuri. Ba ta fasa yi wa Auta girki ko gaisuwa ba, amma ta daina ce masa Injiniya. Yayyen kan zo su zauna a falo, su tambayi jikin Baba daga bakin ƙofa. Da ya fara tsayuwa da sanda, Yaya Babba ta ce ai wani man shafawa ne da ta kawo ya yi aiki.

Wata safiya Baba ya zame a banɗaki. Auta ya riga ya fita. Amarya ta tare shi da jikinta kafin kansa ya bugi ƙasa, ta ji wani abu ya tsinke mata a ƙugu kamar an soka wuƙa. Haka ta ja shi har gado, sannan ta kasa miƙewa. A asibitinsu aka kwantar da ita, abokan aikinta suka koma yi mata gashi. Likitan da ya duba ta ya ce faifan ƙashin bayanta ne ya goce, kuma ta daɗe tana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta. Ya hana ta ɗaga ko bokiti.

Auta ya kira yayyensa. Babbar ta ce ƙafarta ta tashi. Ta tsakiyar ta ce maigidanta ya yi baƙi. Dole ya ajiye jakar aikinsa ya shiga ɗakin mahaifinsa. Ranar farko da ya ɗaga shi daga gado zuwa keke, sai da ya jingina da bango yana haki. Shi namiji, mai ɗaukar firij. Ya tsaya yana kallon tsohon, tsohon na kallonsa.

Da yamma ya zo asibiti ya zauna a bakin gadonta.

"Haka kike ɗaga shi kullum? Ke kaɗai?"

"Wa zai taya ni?"

Ya rufe fuska da tafukansa. Ba ta rarrashe shi ba.

Ranar da aka sallamo ta, ya tara yayyensa a falon nan dai. Tana kwance a ɗaki, ƙofa a buɗe, tana jin komai. Ya dubi Yaya Babba.

"Yaya, kin raine ni, ba zan taɓa biyan ki ba. Amma Baba mu ya haifa, ba ita ba. Mun ɗora mata shi mun koma gefe, mun hana ta karatunta, yanzu ga shi mun karya ta. Daga yau ni ke da safiya. Ranakun mako ku raba yamma tsakaninku. Wadda ba za ta iya ba ta turo wanda zai yi mata."

"Auta, ni kake faɗa wa haka saboda mace?"

"Saboda matata, Yaya. Da tuni ya kamata na faɗa."

Yaya Babba ta yi fushi ta ɗauke ƙafa, amma da ta ga ba mai zuwa ba ta haƙuri, ta dawo ta karɓi ranakunta tana ƙunƙuni. Amarya na zaune a kujera tana nuna musu inda za su riƙe.

Da lokacin neman gurbi ya zagayo, Auta da kansa ya matsa mata ta sake neman mai nisan. Ta nema. Wannan karon ba su ɗauke ta ba. Masu nema sun yi yawa, in ji su, suna yi mata fatan alheri. Ya karanta saƙon a tsaye, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Ni na jawo miki."

"Kai ne," ta ce. Can kuma ta ɗora hannu a kansa. "Tashi, ba ka ci abinci ba."

Ta kammala ta cikin gari da sakamako mai kyau. Baba ya kai ga takawa da sandarsa har ƙofar gida. A asibiti kuma, da aka ware ɗaki don masu shanyewar jiki, ita aka damƙa wa, domin kowa ya ga yadda hannunta ya faɗa da su. Gidanta ya zauna, mijinta ya zama mai tsaya mata ko a gaban wa. Haƙurinta bai faɗi ƙasa banza ba. Sai dai bayanta bai sake komawa daidai ba, kuma duk lokacin da wani ya zo sashensu da takardar waccan jami'a, takan gaishe shi da fara'a, sannan ta sami abin yi a wani ɗakin.

Ku 'yan'uwa masu ɗora wa matar ɗan'uwanku nauyin da yake naku, ku sani don ta yi shiru ba yana nufin ba ta jin ciwo ba. Ku kuma maza, in za ku tsaya wa matanku, ku tsaya a ranar da suke kallon bakinku. Auta ya yi magana daga baya, kuma an yafe masa, amma maganar ba ta dawo wa Amarya da gurbinta ba.