Kwana Goma Sha Biyar a Cikin Mayafi

“Ɗanye ne!”

Mama Bouakham ta faɗi haka tana kirɓa gwanda da barkono a turmi, ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Mama, yana jin ki fa...” in ji Tala, murya ƙasa-ƙasa.

“To ya ji mana! Da wa nake, in ba da shi ba?”

Tala ta waiga. Fergus na tsaye a bakin ƙofar kicin, dogo kamar falwaya, jan gashinsa ya kusa taɓa saman ƙofar. Shekara biyu ke nan da ya zo gyaran wuta a gidan ibadarsu na nan Wodonga, ya gyara, ya tafi da zuciyar Tala a cikin akwatin kayan aikinsa. Sun sa ranar aure a watan Satumba, an kama wurin biki, abu ɗaya ya rage: amincewar Mama.

“Mama, me na yi?” ya tambaya da yaren su Mama, gurɓataccen Lao ɗinsa da ke sa tsofaffi dariya.

“Ba ka yi komai ba, shi ne laifin. A ƙasarmu namiji ba ya aure sai ya aske kai, ya yafa mayafin masu zuhudu, ya zauna gaban malamai ya koyi riƙe zuciyarsa. Wanda bai yi ba ɗanye ne. Ni kuwa ba na ba ɗanyen mutum 'yata!”

“Haba Mama! Nan Ostireliya ce!”

“Ina sane. Na riga ki zuwa.”

Gaskiyarta kuwa. Mama ta sauka ƙasar nan daga sansanin gudun hijira da ƙaramin mutum-mutumin Buda naɗe a cikin zani. A garejin gidansu aka fara ibada, mutum tara a kan tabarma, maƙwabta suna kai ƙara wai ganga ta hana karnukansu sukuni. Yau ga zaure na bulo mai jan rufi, ranar Asabar rabin masu zaman tunani Turawa ne. Sai dai akwai abin da Mama ba ta samu ba. Mutanenta sun yi imani ladan shigar ɗa zuhudu uwarsa yake tararwa, ita kuwa ɗanta namiji tilo a sansani ta binne shi yana jariri. Duk bikin askin ɗan wata, Mama ce kan gaba a girki, ita ce kuma ta farkon komawa gida.

“Kwana nawa ake yi?” in ji Fergus.

Taɓaryar ta tsaya.

“Sha biyar ma... ya wadatar.”

“To na shiga.”

“Fergus!” Tala ta daka tsalle ta riƙe wuyansa. “Da gaske? Har gira fa ake askewa!”

“Ai za ta sake tsirowa, abar ƙaunata. Ke ce ba ni da wata.”

Ranar askin Asabar ce, ƙarshen watan Yuni, sanyi ya daskarar da raɓa a kan ciyawa. Amma wa ya damu da sanyi! Ganga na tashi, tsofaffin mata na rausaya da hannuwa, abokan aikin Fergus sun jeru da manyan takalmansu suna ɗaukar hoto suna tsokana.

“Kai Fergus, kan naka kamar ƙwan jimina!”

“Ka rufe shi, kar jirgi ya sauka a kai!”

Mama aka miƙa wa almakashi ta fara yanka. Da jan gashin ya faɗo kan ganyen da aka tara, sai Mama ta fashe da kuka irin wanda Tala ba ta taɓa ji ba, har sai da ita ma ta taya ta.

Aka zaga zaure sau uku, aka shiga da shi. Da ya fito cikin mayafi ruwan goro, kafaɗa ɗaya a waje ta yi ja don sanyi, Tala ta matsa kusa da shi. Ga ragowar kumfar sabulu a bayan kunnensa. Ta miƙa hannu za ta goge...

“Kul!” Mata wajen goma suka kwatsa mata tsawa lokaci guda.

Ta janye hannun kamar ta taɓa garwashi. Ta manta shaf! Mace ba ta taɓa mai zuhudu, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, ba ta keɓewa da shi. Ko wayarsa an karɓe an kulle.

“Kwana sha biyar ne kawai,” ta ce wa kanta tana dariya.

Kullum da sassafe, kafin ta wuce makarantar da take koyarwa, sai ta kai kwandon shinkafa mai danƙo, ta durƙusa, ta ajiye a kan faranti. Shi kuma ya sunkuyar da kai ya karanta addu'ar albarka. Kwanakin farko sai ta ƙyafta masa ido, ta ga kunnensa ya yi ja, ta fita tana ƙunshe dariya. Amma daga kwana na bakwai kunnen ya daina ja. Tafiyarsa ta yi sanyi. Mutumin da ba ya iya zaman minti biyar ba tare da ya kwance wani soket ba, sai ga shi yana awa guda a zaune ko motsi babu.

Mama kuwa ta zama wata daban. Ta saƙa masa hular ulu ruwan goro da safa, tana yi wa duk wadda ta gamu da ita a kanti albishir: “Kin ga malamina kuwa?” Turawa suka ji labarin akwai mai zuhudu ɗan gari, suka riƙa tururuwa suna yi masa tambayoyin da suke jin nauyin yi wa Ajan Bounmy, dattijon da ke babban malamin gidan, wanda Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba.

Ran kwana na sha biyu, suna cikin mota, Mama ta ce, “Na roƙe shi ya zauna zaman damina.”

Tala ta taka birki har kwandon ya kife.

“Wace damina kuma, Mama? Hunturu ake a nan!”

“A ƙasarmu watan damina ne, lokacin da malamai ke kulle kansu. Ran Lahadi za a shiga. Wata uku, ba fita.”

“Wata uku! Bikin fa?”

“A ɗaga. Biki gudu yake yi? Ba ki ga yadda mayafin ya karɓe shi ba? Ajan ya tsufa, gidan nan yana bukatar ɗan ƙasa mai jin harshen mutane. Shi ma Ajan ai wata uku ya shigo yi, ga shi yau shekara hamsin.”

“Shekara hamsin! Mama, kin ji abin da kika faɗa kuwa? To shi me ya ce?”

“Ya ce ya ji.”

Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Kwana uku Tala ba ta iya cin abin kirki ba. Tana son uwarta, ta kuma san ramin da Fergus ya cike mata. Amma tana son Fergus so irin wanda ke hana numfashi, kuma tsoro ya kama ta sosai, domin ta ga natsuwar da ke fuskarsa, ta san ba ta ƙarya ba ce.

Asabar ta zagayo, kwana na sha biyar cif. Zaure ya cika maƙil don ciyar da malamai da hantsi. Tunda ba halin keɓewa, Tala ta yanke shawara: ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ja gwiwa har gaban dandamalin malamai, ta haɗa tafukanta.

“Malam... ina da tambaya.”

Kowa ya juyo yana kallonta.

“Gobe za a shiga zaman damina. Ba cewa na yi ka fito ba. Ina so dai in sani... har yanzu kana so na? Auren nan yana nan?”

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Wani Bature ya saki cokali.

Fergus bai ɗago ba. Leɓensa ya motsa, ya sake rufewa. Tala ta ƙirga numfashinta har goma.

“Fergus... ko kalma ɗaya!”

Shiru.

Ta miƙe ta fita da gudu, ko takalmi ba ta tsaya sakawa ba. A jikin motarta ta kife kai tana shessheƙa. Sai ta ji takun Mama a bayanta.

“Kin kunyata ni gaban jama'a, Chanthala.” In Mama ta kira cikakken sunan, to magana ta yi girma.

“Ki yafe ni, Mama. Shi ke nan ai. Kin samu ɗa, ni na rasa miji.”

“Shekara arba'in ina jiran...”

“Na sani! Na sani, Mama! Ina ganinki duk ranar askin 'ya'yan mutane. Shi ya sa ban ce ya fito ba. Ki riƙe shi. Ni dai... ni dai ban san yadda zan yi da zuciyata ba ne.”

Mama ta tsaya tana kallon ƙafafun 'yarta, tsirara a kan kwalta mai sanyi, sun yi ja. Sannan ta ja tsaki, ta damƙi hannun Tala.

“Taho.”

“Ina?”

“Na ce taho!”

Har gaban Ajan Bounmy ta ja ta. Mama ta durƙusa, ta kai goshi ƙasa sau uku.

“Ajan, na janye roƙona. A sallame shi.”

Tsohon ya ajiye kofin shayinsa ya kama dariya, har kafaɗunsa na rawa.

“Bouakham, kin cece ni! Tun ran Laraba yaron nan yake hana ni sakat. Ya ce dominki ya shigo, ba zai cire mayafi ba sai da yardarki, ko da zai kai Oktoba. Amma fa yana zana kwanaki a bangon ɗakinsa da fensir, kamar ɗan kurkuku!”

Zaure ya ɗauki dariya.

“To me ya hana shi amsa mini?” in ji Tala.

“'Yata, wanda ke cikin mayafi ba ya yi wa mace zancen so, ko da kalma ɗaya. Dokarmu ce. Ni kaina na zuba ido in ga ko zai karya.” Ya dubi Mama. “Bai karya ba. Har ya ciji leɓe ya yi jini.”

Tala ta dubi Fergus. Ga jinin kuwa! Ga kuma hawaye suna gangarowa a fuskar da ba gira, yana ta kallon tabarma.

Ba a ɓata lokaci ba. Aka shiga da shi ciki, ya furta kalmomin ajiye zuhudu a gaban malamai. Jama'a suka fito tsakar gida suna jira, Tala na ta murza yatsu.

Ƙofa ta buɗe. Ga Fergus cikin gajeren wandon aikinsa da rigar sanyi a birkice, ya taho da gudu, ƙafa ɗaya da safa ɗaya babu. Taku biyu tsakaninsu sai ya ja ya tsaya cak, hannu a sama, kamar har yanzu ana iya yi masa tsawa.

“Ina son ki!” ya faɗa da ƙarfi, har tsuntsaye suka tashi daga kan rufi. “Ina son ki, Tala! Na Litinin ke nan. Ina son ki, na Talata! Na Laraba ma...”

“Za ka ƙirgo duka sha biyar ɗin ne, sarkin surutu?” Tana dariya tana kuka.

“Har da na ɗazu, sau goma! Kin san abin da kika yi mini a zauren nan kuwa?”

“Kai fa? Na zaci na rasa ka, masoyina...”

“Ku ji min yara!” Mama ta kutso tsakaninsu, idanunta jawur. “Kai, tsayuwar me kake yi kamar turke? An cire mayafin ai!”

Ta kamo hannunsa, ta kamo na Tala, ta haɗa su, ta danne da nata biyun. Ganga ta tashi, mata suka ɗau shewa, amma Mama ba ta saki ba. Ta matso kusa da kunnen 'yarta.

“Aro kika ba ni, na gode. Kwana sha biyar na yi ina da ɗa a cikin mayafi, ya ishe ni har in mutu.” Ta share ido da kafaɗa. “Ga shi na dawo miki da shi. Ki riƙe min shi da kyau, Tala... ɗana ne.”