Kwantenar da Ta Rame

"Ki koma ki tambayi mutanen ƙauyenku! Kun iya cika baki, ba ku iya cika kwantena ba!"

"Ni kake faɗa wa haka? A gabana aka loda ta, a gabana aka rufe!"

A haka Insifekta Peceli Drauna ya same su, ƙarƙashin injin ɗaga kaya. Namijin Waisake ne, heluman lebura na tashar jiragen ruwan. Macen kuma Akanisi, wadda manoman ƙauyensu na tsibirin Kadavu suka wakilta ta raka yangonarsu. A Fiji, mai saiwar yangona ba ya kwana da yunwa, amma sai ya jira ta yi shekaru a ƙasa kafin a daka a jiƙa a sha.

"Ya isa," in ji Insifekta. "Me aka sace?"

"Ba a saci komai ba, yallaɓai," Waisake ya ce. "Ga hatimi nan, ba a taɓa shi ba."

"Nauyi ya ragu," Akanisi ta ce. "Kusan buhu goma. Jirgi zai tashi da yamma. Mai sayenmu na Ostireliya ya ce in kaya suka sake zuwa masa a gurguje, shi da mu har abada."

"Sake?"

"Shekaru ana yi. Mu cika, can a buɗe a ga giɓi. Mu ake kira ɓarayi."

Insifekta ya matsa kusa da kwantenar. Ya dubi hatimin ƙarfen. Lafiya lau.

An riga an tsare direban da ya kawo kwantenar a ɗakin masu gadi. Hemant sunansa, siriri, gumi ya jiƙa masa riga.

"Ina ka tsaya a hanya?" Insifekta ya tambaye shi.

"Ko'ina ban tsaya ba."

"Akwai miya a rigarka."

Hemant ya dubi ƙirjinsa. "To, na tsaya cin gurasar roti. Shi ke nan. Kada ka faɗa wa maigidana, don Allah, ya hana tsayawa."

"Da ka iso fa?"

"Na hau sikelin ƙofa, aka auna, na sauke, na juya. Da can sai in wuni a layi ina cin ƙosan rogo. Yanzu ko injin mota ba na kashewa."

Insifekta ya je ƙofa. Ma'aikaciyar sikelin ta tabbatar masa: da kwantenar ta shigo da safe, cike take.

Ya koma wurin injin ɗaga kaya. Mai tuƙa shi dattijo ne, Baba Netani, wanda ya fi kowa daɗewa a tashar. Shi ya ƙi ɗora kwantenar a jirgi.

"Sabon injin nan yana auna duk abin da ya ɗaga," in ji shi. "Na ɗaga ta, ya nuna ja. Na ajiye."

"Injin banza ne," Waisake ya sa baki. "Tun da aka kawo su ba mu huta ba. Sikelin ƙofa ya faɗi nasa, wannan ya faɗi nasa."

"Mu gani," Insifekta ya ce.

Ya sa aka ɗaga wata kwantena da ta shigo yanzu. Abin da ƙofa ta ce, shi injin ya ce. Aka ɗaga wata. Haka.

"A saki direba," ya ce wa kofur ɗinsa. "A rufe ƙofa. Ba mai fita."

Ya zaga bayan kwantenar Akanisi. Ya tsuguna gaban ƙyauren, ya shafa notin da ke riƙe da mariƙin. Ɗan yatsansa ya fito da shuɗin fenti, ɗanye. Wani ya kwance mariƙin gaba ɗaya, ya buɗe ba tare da ya karya hatimi ba, ya mayar, ya shafe.

"Baba, a ina ta zauna kafin ka ɗauko ta?"

"Can ƙarshe, bayan rumfar kayan gyara."

"Na ga sauran an jera su ƙyaure na kallon ƙyaure."

"Sabon tsari ke nan, don kada a iya buɗewa. Ita kaɗai aka ce in ajiye ta ƙyaure a waje."

"Wa ya ce?"

Dattijon ya dubi ƙasa.

"Rashin wuri ne," Waisake ya ce da sauri. "Kuma ruwan sama ya tsayar da aiki da hantsi, kowa ya watse. Ko wa ma zai iya zuwa wurin."

Jirgi ya yi kuka sau ɗaya. Akanisi ta runtse ido.

Tashar babba ce. In aka ce a bincike ta lungu-lungu, jirgi ya tafi. Insifekta ya dubi leburan da suka taru, ya dubi Akanisi, sannan ya sassauta murya.

"Baba Netani, tun yaushe ake zagin baƙuwa da ƙauyenta a gabanka, a tashi haka kawai?"

Fuskar dattijon ta canza. "Gaskiya ne. Waisake, ɗana, ka yi wa baiwar Allahn nan rashin kunya. Kawo yangona ka ba ta haƙuri, yadda al'ada ta tanada."

"Ba ni da ita yau, Baba. In an buɗe ƙofa zan sayo."

Leburan suka kwashe da dariya. "Kai ne ba ka da yangona?" wani ya ce. "Shekara nawa muna sha a kwanonka?"

"Ko ta ƙare ne yau da aka ga ɗan sanda?" wani ya ƙara.

"Ni na roƙe ka," in ji Baba Netani, a hankali.

Babba ya roƙa a gaban jama'a. Ba a cewa a'a. Waisake ya tsaya jim, sannan ya nufi bayan rumfar kayan gyara. Insifekta ya ɗaga wa kofur gira, kofur ya bi shi daga nesa.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwa, kowa ya zauna ya tanƙwashe ƙafa. Waisake ya dawo da dami naɗe a jarida, an ɗaure da zare, kamar na kasuwa. Ya durƙusa, ya tafa hannu, ya faɗi kalmomin neman gafara. Muryarsa ba ta fita sosai.

Akanisi ta karɓa da hannu biyu. Ba ta tafa ba, yadda ake yi in an yafe. Ta kai damin hancinta.

"Hayaƙin ɓawon kwakwa," ta ce. "Bana ruwa bai bar mu mun shanya a rana ba, a kan wuta muka busar." Ta miƙa wa Baba Netani. "Baba, ta kasuwa tana wannan warin?"

Dattijon ya shinshina, ya ajiye damin kamar ya ƙona shi.

Kofur ya iso yana haki. "Yallaɓai, buhuna suna cikin tsohuwar kwantenar da ke bayan rumfa. Da gwangwanin fenti."

"Waisake," in ji Insifekta.

Heluman bai ɗago ba. "Da can kaya sai su yi sati biyu a nan, ba mai auna su, ba mai tambaya. In an buɗe a ƙetare, manoma ake zargi. Na ɗauka Baba zai ga jan ya kau da kai." Ya dubi damin. "Dangi ne, yallaɓai. Biki, mutuwa, kowa ni yake kallo. Ban taɓa ci ni kaɗai ba. Duk waɗannan sun sha."

Ba wanda ya dube shi.

Kofur ya sa masa ankwa. Leburan suka tashi ba wanda ya umarce su, suka kwaso buhunan a kafaɗa, aka mayar, aka sa sabon hatimi. Baba Netani ya hau injinsa ya ɗaga. Kore ya nuna. Kwantenar ta sauka a jirgi da sauran rana.

An zo wucewa da Waisake, Akanisi ta tare hanya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kafin ni, mahaifina ne yake rako kayan nan. Ƙauye suka cire shi, suka ce shi ke ragewa a hanya. Bara ya rasu, ba a sake zama da shi a tabarma ɗaya ba."

Ta dubi Waisake, ta dubi leburan, ta dubi Insifekta.

"Shi wa zai kai masa haƙuri?"