Koriyar Fitilar da Ta Kira Osmín

Rana na gab da faɗuwa Efraín ya shiga tashar jiragen ruwa ɗaukar kwantenarsa ta ƙarshe. An yi yayyafi, hazo kuma ya taso daga teku. Motar da yake ja ta marigayi yayansa ce, Osmín. Har yau kujerar ba ta daina ƙamshin man zafin da yake shafa wa gwiwarsa ba.

A jerin gwanon bakin ƙofa, Don Chepe, tsohon direba ɗan garinsu, ya miƙo masa gurasar pupusa ta taga.

"Karɓi ka ci, ɗan nan. Ka rame kamar sandar goge gilashi."

"Na ƙoshi, Don Chepe."

"Da me, hayaƙin gas? Wane layi suka ba ka?"

Efraín ya faɗa masa. Tsohon ya daina tauna.

"Ka ce su canja maka."

"In gaya wa wa? Inji?"

Layin da Osmín ya mutu ne, bara.

Can ciki babu ɗan Adam. Injinan ɗaga kaya ne ke yawo kan layin dogo su kaɗai. Direba zai yi baya da mota cikin layi, ya buɗe sakatun bodi, ya fito ya tsaya kan wani farantin roba cikin rumfa. Muddin fitila ja ce, ƙafarsa ba ta barin farantin. In ya ɗaga, inji ya tsaya cak. Sai ta koma koriya zai je ya kulle kayansa. Osmín ne ya koya masa, yana riƙe da wuyan rigarsa kamar yadda yake yi in za su tsallaka titi suna yara. "Ja na nufin Mama na jiranka a gida, soko."

Shi ya sa abin ya ƙi kwanciya a zuciyar Efraín. Kyamara ta nuna Osmín ya sauka daga farantin fitila tana ja, ya ɗaga hannu kamar mai gaida wani, ya taka ya shiga ƙarƙashin kwantena. Direbobi suka shiga raɗa cewa da gangan ya yi. Raɗar ta kai kunnen mahaifiyarsu. Tun daga nan ba ta da wata tambaya sai ɗaya: "Me muka yi masa, Efraín?"

Ya yi baya. Ya buɗe sakatu. Ya hau farantin.

Ja.

Injin ya taho kan dogo yana gurnani, kwantenar na reto a sama, ruwa na ɗiga daga gindinta. Iskar na warin gishiri da tsatsa. Tsuntsayen teku, da ba sa rabo da ihu, suka yi tsit.

Kwantenar ta fara sauka.

Fitila ta koma koriya.

Efraín ya ɗaga kai. Kayan na sama har yanzu. Ya sake duban fitilar. Koriya shar, mai sanyi, irin wadda ido ba ya gajiya da ita.

Ƙwam. Ƙwam.

Bugu biyu a jikin bodi da tafin hannu. Haka Osmín ke yi in ya gama kulle sakatu.

A gefen motar, cikin hazo, wani na tsaye da rigar aiki ruwan lemo. Kafaɗar hagu ta ɗan karkace. Hular a juye.

"Ƙanena," aka ce, a hankali. "Zo ka kama mini wannan sakatar. Ta cije."

Hawaye suka zubo wa Efraín tun kafin tsoro ya iso shi. Shekara guda yana roƙon Allah ya ji muryar nan ko da a mafarki ne.

"Yaya?"

"Koriya ce. Taho mana."

Ya sauke ƙafa ɗaya. Ya sauke ta biyu.

Injin bai tsaya ba.

Ya ji hakan, amma kamar daga nesa. Ya taka. Inuwar kwantenar ta rufe takalminsa. A nan idonsa ya faɗa kan ruwan da ya kwanta a ƙasa.

Cikin ruwan, fitilar ja ce.

Kuma babu mai rigar ruwan lemo a cikin ruwan. Wani abu ne dogo, baƙi, ya rusuna don kada kansa ya taɓa kwantenar.

Ƙafafunsa suka ƙi komawa baya.

"Saura kaɗan," in ji muryar. Yanzu tana warin laka.

Sai ƙamshin man zafi ya bugi hancinsa daga baya.

Hannu ya cafki wuyan rigarsa.

Aka fizge shi.

Ya faɗi da baya kan farantin. Kwantenar ta dira gefen bodin, ta zame, ta daki ƙasa daidai inda yake tsaye. Ƙarar ta ratsa haƙoransa. Jiniya ta ɓarke. Wata mata daga ofishin tashar ta shiga kiran lambar motarsa ta lasifikar rumfar tana tambayar ko yana da rai.

Ya waiwaya. Rumfa ce kawai, da hazo.

Don Chepe ne ya kai shi gida. Mahaifiyarsa na zaune a kicin ba ta kunna wuta ba, ƙarƙashin hoton mahaifinsu da ya rasu tun suna ƙanana. Efraín ya daɗe yana kallon hoton. Ya tuna hannun da Osmín ya ɗaga a kyamara. Ya durƙusa gabanta.

"Mama, ba mu yi masa komai ba. Kiransa aka yi. Ina jin da muryar Baba aka kira shi."

Ba ta tambaye shi yadda ya sani ba. Ta sa yatsa ta shafa wuyan rigarsa inda ya yage, ta kai hancinta. Ranar ta yi kukan da ta riƙe tun daga jana'iza.

Efraín bai bar aikin ba. Amma yanzu in fitila ta koma koriya ba ya motsi sai ya zuba ɗan ruwa daga gorarsa a ƙasa ya leƙa. Direbobi na masa dariya. Don Chepe ba ya yi.

Wani lokaci, in hazo ya sauko, yakan daɗe a kan farantin bayan an gama ɗora masa kaya, ya ɗan sunkuyar da kai, wuyan rigarsa a buɗe.

Ba a sake riƙe shi ba.